Bazara, Ƙura da Kwamfutocin Kasuwar Jalingo

A takardar bayani da ke rakiyar yawancin kwamfutocin tebur na ofis akwai wani layi da ba kowa ke karanta shi ba, balle mu da kwamfutocinmu kan iso ba kwali ba takarda. Kamfanonin da suka ƙera su sun rubuta cewa na'urar za ta yi aiki lafiya ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyas ba. Duk wanda ya san Jalingo a watan Maris da Afrilu ya san inda maganar ta dosa. A wannan lokaci zafin gari kan kai digiri 40 da rana tsaka, kuma a inuwa ake auna wannan, inda iska ke ɗan kaɗawa. Shagon da ke cikin kasuwa kuwa, mai rufin kwano ba silin, ƙofa ɗaya ba taga, injin fotokofi na huci a gefe, janareta na ruri a bakin ƙofa, nasa zafin ya zarce haka. Tun kafin a danna maɓallin kunnawa mun riga mun saɓa sharaɗin da aka gindaya wa na'urar. A haka muka shafe sama da shekara 20 muna aiki da ita, kuma ta yi mana aikin. Mutanen da suka sa ta yi, da ilimin da suka tara a kai, da yadda ilimin ke zubewa a hannunmu, su nake son in waiwaya.

Jalingo ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Taraba daga tsohuwar jihar Gongola. Sabuwar jiha kuwa takarda take ci: takardar neman aiki, takardar kwangila, takardar fili, wasiƙar koke. Da farko tafireta ce ta ɗauki wannan nauyi, ita kuma babu ruwanta da yanayi. Komai zafin rana, in dai akwai ribon da takarda, za ta buga. Sannu a hankali kwamfuta ta ture ta daga kan tebur. Shagunan buga takardu suka yi ta buɗewa a kewayen kasuwa da bakin titin Hammaruwa, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, shagunan intanet suka kafa faranti a kan rufi ana sayar da lokaci da awa-awa. Da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008, sai ɗalibai suka ƙaru a kan na kwalejoji, kowa da kundin bincikensa a hammata yana neman wanda zai buga masa kafin wa'adi ya cika.

Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin yawancin masu waɗannan shaguna. Abin da ake saye tokumbo ne: na'urorin da bankuna da ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora, aka loda su a kwantena zuwa Legas, aka baje su a Computer Village da ke Ikeja. Daga can dillali ya ɗaure su a buhu ko kwali, mota ta kwaso su tafiyar sama da kilomita 1,000, ta bi ramukan hanya har ta sauke su a Jalingo. Na'urar da ta yi ƙuruciyarta a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da shimfiɗar kafet, sai ga ta da tsufanta a kan benci kusa da layin masu hatsi. Wasu ma tun a hanya jijjigar mota ta riga ta sassauta abin da ke riƙe da ƙarfen sanyayarsu, ba wanda ya sani sai bazara ta tona.

Rashin sa'armu kuma shi ne, zamanin da tokumbo ta fi yawa a hannunmu ya faɗo kan firosesar da ta fi kowacce zafi a lokacinta. Firosesa ita ce 'yar guntuwar da ke zaune a tsakiyar bod, wato babban allon da ke cikin akwati, tana yin dukkan lissafin kwamfuta. Ba ta juya taya, ba ta haska ɗaki. Kusan duk wutar da ta sha zafi take komawa. Intel ta fitar da Pentium 4 a Nuwamban 2000, sannan a Fabrairun 2004 ta kawo samfurin da ake wa laƙabi da Prescott, wanda manyansa ke fitar da zafin da ya kai wat 115. Ka tuna tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, wanda ba ya taɓuwa in ya jima a kunne, sannan ka tattara duk zafinsa a wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Kamfanin da kansa ya ji a jikinsa: a wannan shekarar ta 2004 ya janye shirin kai Pentium 4 gudun gigahaz 4, kuma zafi da cin wuta na cikin manyan dalilan. Abin da injiniyoyin Amurka suka ja da baya a kansa, shi ne ya sauka a Kasuwar Jalingo bayan wasu shekaru, aka ce da yaran shago su lallaɓa shi.

Hanyar da zafin ke bi ya fita ba ta da wuyar fahimta, kuma wanda ya fahimce ta ya gama rabin gyara. Daga firosesa zafi yana hawa murfin ƙarfen da ke kanta. Tsakanin murfin da ƙarfen sanyaya akwai wani mai toka-toka da ake shafawa, saboda komai santsin ƙarfe biyu, in an haɗa su akwai ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuma ba ta kai zafi gaba. Daga man zafi ya shiga ƙarfen sanyaya, mai siraran haƙora na alminiyam, fanka ta hura iska ta tsakaninsu, iskar ta kwashi zafin ta fita ta bayan akwati ta shiga ɗaki. Ko'ina aka samu cikas a wannan hanya, zafi zai taru a baya. Mataki na ƙarshe kuwa, wato ɗakin, shi aka fi mantawa. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar da ta tarar ita take turawa. Firosesar da ke tsayawa a digiri 65 a ɗaki mai digiri 25, in ka kai ta shago mai digiri 42 za ta haura 80 ba tare da komai ya lalace a cikinta ba. Ƙura kaɗan ta ƙaru a kai, sai ta kai iyakar da za ta kashe kanta.

Kashe kan nan ma rahama ce, ko da yake masu kaya ba su ɗauke shi haka ba. A 2001 masu gwajin na'urori na Tom's Hardware sun ɗauki wani bidiyo da ya zagaya duniya: suka cire ƙarfen sanyaya daga kan firosesa tana tsakiyar aiki. Pentium III ta daskare amma ta tsira, Pentium 4 ta rage gudu ta ci gaba da jan ƙafa, ita kuwa Athlon ta AMD ta wancan zamani, da ba ta da irin wannan kariya, ta haura digiri 300 cikin daƙiƙoƙi ta yi hayaƙi. Daga baya kowane kamfani ya saka kariyar. Kwamfutar da ta ɗauke wuta da kanta saboda zafi, ranta take ceto.

Amma a shagunanmu na wancan lokaci, kowace cuta maganinta ɗaya ne: fomat, wato a share komai a sake zuba Windows. Kwamfuta tana nauyi, a yi fomat. Tana daskarewa, a yi fomat. Tana mutuwa da azahar, bairos ne, a yi fomat. Ba a rasa dalili ba, domin zamanin Windows XP ne, kuma filashin ɗalibai na yawo daga shago zuwa shago ɗauke da bairos iri-iri. Sai dai bairos ba ya duba agogo. Na ga ɗalibai suna share hawaye a bakin shago saboda kundin da suka yi watanni suna haɗawa ya tafi da fomat, alhali abin da ke damun na'urar dunƙulen ƙura ne da ya toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Bayan mako guda matsalar ta dawo, sai a ce bod ce ta tafi, a aika Legas ko Kano a kawo wata.

Mutumin da na zauna a shagonsa na koyi abin da na sani, Allah ya saka masa da alheri, ba daga makarantar kwamfuta ya fito ba. Tsohon mai gyaran rediyo da talabijin ne, irin waɗanda suka saba gane cuta da kunne da hanci da tafin hannu kafin su ɗauko mita. In aka shigo da kwamfuta, yaran shago na rawar jiki za su ɗauki sukundireba, sai ya ce, "Ku dakata tukuna, ba a tambayi mai kaya ba." Sannan ya juya: "Alhaji, da safe take yi ko da azahar? Da an kunna take mutuwa, ko sai ta ɗan jima? A ƙasa take zaune ko a kan tebur?" Mai kaya wani lokaci har ya ƙosa, ya ce, "Injiniya, ni dai a duba mini ita kawai." Bai san dubawar ce aka fara ba.

Amsoshin nan ne ke raba hanya. Mutuwar zafi tana da ɗabi'arta: na'ura takan tashi lafiya da sanyin safiya, ta yi aiki, fanka ta yi ta ƙara murya, sannan ta ɗauke lokacin da aka ɗora mata aiki mai nauyi ko rana ta take. In ka sake kunna ta nan take, ba ta kai rabin lokacin farko ba za ta sake mutuwa, domin ƙarfen bai huce ba. Mutuwar wuta daban ce: ba ta da lokaci, takan zo ne sa'ad da fitila ta yi ƙyafta ko aka tayar da injin fotokofi a kan ƙaramin janareta, kuma laifin yana wajen fawa-fak, mai rarraba wa na'urar wuta, ko wutar da ke shigowa. Wanda bai raba waɗannan biyun ba zai yi ta shafa mai a kan firosesar da lafiyarta ƙalau.

In alamu sun nuna zafi, sai ya kunna na'urar ya shiga BIOS, inda ake ganin digirin firosesa da gudun fanka tun kafin Windows ya tashi. Firosesar da ba ta aikin komai amma lambarta na hawa tana neman 70 ko 80, ba sai an faɗa maka ba. Daga nan sai abin da na fi ƙauna a cikin dukkan abin da ya koya mana, domin ba ya buƙatar ko kwabo. Ya buɗe murfin gefe, ya taɓa jikin akwatin ƙarfe don sauke wutar jiki, sannan ya ɗora bayan yatsa a gefen ƙarfen sanyaya, nesa da fanka. In ƙarfen ya yi zafi ƙwarai, to zafi yana isowa gare shi, iska ce ba ta kwashewa: ko dai ƙura ta toshe, ko fanka ta gaji, ko akwatin ba ya numfashi. In kuwa BIOS na cewa firosesa na ƙuna amma ƙarfen ɗumi-ɗumi ne kawai, to zafin bai ma haye ba: man ya bushe, ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Taɓawa ɗaya ta gaya maka ɓangaren da za ka nufa. Ban taɓa ganin wannan dabara ta ba shi kunya ba.

Ƙura ita ce babbar mai laifi, kuma tamu ba irin ta Turai ba ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙurar Sahara mai laushi, ta haɗu da ta ƙafafun mutane da Keke Napep da manyan motocin da ke sauke kaya, da dusar hatsi, da hayaƙin janareta mai maiƙo da ke sa ta manne. Fanka na zuƙar wannan duka tana tura shi cikin haƙoran ƙarfe, har ya zama wani dunƙule mai kauri da za ka ɓamɓare da yatsa. Daga sama za ka ga fanka na juyawa lafiya, ba za ka ga toshewar ba sai ka ɗaga ta. Abin lura shi ne jerin lokutan: hunturu ne ke cika na'ura da ƙura, amma sanyinsa na rufa asiri, bazara na shigowa sai komai ya fito fili. Shi ya sa layin masu kawo gyara ke tsawo a Maris. Ban da ƙura, an sha samun saƙar gizo, da gidan zanzaro, da tsaka da ta shiga neman ɗumi ta maƙale a fanka.

Hurawar ma da ƙa'idarta. A zare waya daga bango, a fitar da akwati waje, a riƙe fanka da yatsa kafin a saka bulowa, domin iska mai ƙarfi na juya ta fiye da kima ta lalata mata gindi. Sannan a bi da buroshi mai laushi. In za a cire ƙarfen sanyaya, a goge tsohon mai da sifirit da ƙyalle mai tsabta har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, a bar nauyin ƙarfen ya baza shi. Mutane na ganin yawan man shi ne inganci, sai su lafta shi har ya zubo gefe, alhali aikinsa cike ramuka ne kawai. Waɗanda suka yi zamani da soket LGA 775 ba za su manta da fil huɗun roba da ke riƙe ƙarfen ba. Uku su shiga, ɗaya ya ƙi, ƙarfen ya karkace kaɗan yadda ido ba zai gani ba, firosesa ta yi ta ƙuna. Ana danna su ne biyu-biyu a gicciye, sannan a leƙa bayan bod a tabbatar kowanne ya fito. A firosesar AMD mai allurai kuwa, busasshen mai kan manne ta da ƙarfen, in ka fizge da ƙarfi ta biyo shi allurai su lanƙwashe. Sai an ɗan kunna na'urar ta yi ɗumi, a murɗa a hankali.

Akwai kuma magungunan da talauci da gaggawa suka haifar. Man goge baki a madadin man firosesa ya yi tashe, kuma abin da ya sa aka yarda da shi shi ne yana aiki a ranar farko, lokacin da yake da danshi. Kwana kaɗan ya bushe ya zama alli, mai kaya ya riga ya biya ya tafi. Wasu kan cire murfin gefe su kafa wa na'ura fankar tsaye. Wannan yana sauke zafi a babban akwati, ba musu, amma yana buɗe wa ƙura ƙofa, kuma a siraran kwamfutocin ofis da aka tsara wa iska hanya daga gaba zuwa baya, cire murfi na iya hana iskar bin inda ake buƙatarta. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne rigar kwamfuta. Mutum ya kashe kuɗinsa, yana ƙaunar kayansa, ya sa tela ya ɗinka mata sutura don kare ta daga ƙura, sannan ya bar suturar a kanta tana aiki, ko ya cusa ta cikin durowar tebur, bayanta manne da katako. Niyya mai kyau ce, sai dai iskar da ta fito da zafi ita ce ke komawa ciki.

Zafi kuma ba firosesa kaɗai yake ci ba. A kewayenta akwai kafasita, 'yan gwangwanaye masu ruwa a ciki, waɗanda masana lantarki ke ƙiyasta cewa ƙarin digiri 10 na rage musu rabin kwana. A farkon shekarun 2000 an yi annobar kafasita marasa inganci da ta shafi kamfanoni da dama. Dell kaɗai ta ware kimanin dala miliyan 300 a 2005, mafi yawa don gyaran samfuran OptiPlex GX270 da GX280. A can, bod ake canzawa gaba ɗaya. A nan, tsofaffin masu gyaran rediyo suka ga kafasita mai kumburarren kai suka gane ta nan take, suka ɗauko ƙarfen dalma suka cire ta suka dasa wata daga mataccen bod. Na'urori da yawa da aka yanke wa ƙauna sun ƙara shekaru ta wannan hanya.

Sauyi ya zo ta fuska biyu. Na farko daga masana'anta: a Yulin 2006 Intel ta fitar da Core 2 Duo, wadda yawancin samfuranta na tebur ke tsayawa a wat 65 kuma sun fi Pentium 4 aiki. Da waɗannan suka fara isowa a tokumbo, rurin fanka ya lafa a shaguna. Na biyu daga aljihun mutane: wayar hannu ta haɗiye aikin shagon intanet, laftof ta haɗiye na tebur. Yaron da a da zai zauna a gaban buɗaɗɗen akwati yana koyon hanyar iska, yanzu yana bencin gyaran waya yana canza gilashi da wurin caji, kuma ban ga laifinsa ba, can ne cinikin yake. Ban kuma yarda da masu cewa da can komai ya fi kyau ba. Yaran yanzu suna da abin da ba mu da shi: manhajoji irin su HWMonitor da Core Temp na nuna digirin kowane sashe ana cikin aiki, man firosesa na gaske ya wadata, kuma bidiyon koyarwa na cikin wayar kowa.

Amma matsalar ba ta tafi ba, murya kawai ta rage. Firosesar yau ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. In ta kusanci iyakarta, wadda ke wajen digiri 95 zuwa 100 a yawancinsu, sai ta rage gudu a asirce ta ci gaba da aiki. Mai shago ba ya ganin komai sai nauyi. Ya zargi netwok, ya zargi bairos, ya ƙara RAM, ya sake Windows, a ƙarshe ya ce na'urar ta tsufa. Tsohuwar Pentium 4 aƙalla tana ihu a ji. Ta yanzu tana iya shekara tana ba da rabin ƙarfinta ba wanda ya tuhumi ƙura. Wani lokacin kuma zafin daga manhaja yake: a buɗe Task Manager a ga wani abu da ba a san shi ba ya riƙe firosesa ɗari bisa ɗari dare da rana, irin ɓoyayyun manhajojin haƙar kuɗin kirifto da ke biyo kayan da aka sauke ta bayan gida. Nan kam a wanke Windows ya halatta, amma bayan an gani da ido. Manyan firosesoci ma ba su daina cin wuta ba: Core i9-13900K na iya kai wat 253, fiye da ninki biyu na Prescott, kuma irinsu ne matasa masu tace bidiyo da haɗa waƙa ke mafarkin saye.

Kwamfutar tebur ba ta bar Jalingo ba. Tana nan a shagunan buga katin biki da fosta, a ɗakunan hoto, a ofisoshin gwamnati, a makarantu, da cibiyoyin jarrabawa. JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya haka a 2015, kuma galibi jarrabawar na faɗowa ne tsakanin Maris da Mayu, ganiyar zafinmu. Ɗaki cike da na'urori da ɗalibai, kowace na'ura na zuba zafinta a iskar da maƙwabciyarta za ta zuƙa. Na'ura ɗaya ta ɗauke a irin wannan rana, yaro ne zai kwana yana kuka. Ga kuma wani sabon ayari a hanya: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin firosesocin Intel da suka girmi ƙarni na 8. Ofisoshin ƙasashen waje za su sallami na'urori masu ɗimbin yawa da lafiyarsu ƙalau, kuma mun san hanyar da irinsu ke bi. Za su iso da man da aka shafa musu tun a masana'anta, ya bushe ya tsattsage.

Da na zauna ina tunanin abin da ya sa ilimin su maigidana bai yaɗu yadda ya kamata ba, sai na ga ba lalacin yara ba ne. Mu masu kai gyara ne muka kashe shi. Kasuwarmu tana biyan kuɗin kaya, ba ta biyan kuɗin ganewa. Mai gyara ya yi tambayoyi, ya saurara, ya taɓa, ya gano ƙura ce, ya hure ta cikin ɗan lokaci, sai mai kaya ya ce, "Haba Injiniya, iska kawai ka hura, nawa zan ba ka?" Amma in ya riƙe na'urar kwana biyu ya ce ya canza bod, za a ƙirga masa kuɗi har da godiya. Yaron shago yana tsaye yana kallo, kuma ba wawa ba ne. Ya ga wanne ke kawo abinci. Haka muka koya wa masu gyara cewa gaskiya mai arha ba ta da riba, sannan muka dawo muna kukan ba a samun mai amana. Mutumin da ya cece ka daga sayen bod ɗin da ba ka buƙata ya fi cancantar lada a kan wanda ya sayar maka da ita.

Wannan ilimi kuma namu ne, a nan aka haife shi. Ba wani littafin kamfani da zai gaya maka cewa a Jalingo watan Fabrairu ne lokacin buɗe akwati, bayan hunturu ya gama zuba ƙurarsa kafin bazara ta kankama, ko cewa a Gembu da ke kan tsaunin Mambila na'ura iri ɗaya za ta yi shekaru ba ta koka da zafi ba, a jiha ɗaya. Ba littafin da zai ce ka ɗaga akwati daga ƙasa saboda sharar safe, ka ba shi tazarar taki ɗaya daga bango, ka nisanta shi da injin fotokofi, ka kai janareta inda hayaƙinsa ba zai shigo ba, ka kuma sa silin ko da na kwali ne kafin ka yi tunanin sayen babbar fanka. Waɗanda suka san waɗannan abubuwa suna tsufa, wasu sun koma gona, wasu sun koma sayar da sola. Ya kamata sassan koyar da kwamfuta a kwalejojinmu su gayyato su su tsaya gaban ɗalibai da tsohon akwati a buɗe, ko da sau ɗaya ne a zango.

Masu shaguna da shugabannin makarantu da cibiyoyin jarrabawa, kada ku jira Maris. Ku kira mai gyara tun a Fabrairu ya fitar da na'urorin waje ɗaya bayan ɗaya, ya hure su, ya duba fanka, ya sabunta man waɗanda suka daɗe, ya nuna muku digirinsu a allo kafin aiki da bayansa. In ya gama ya ce babu abin da ke buƙatar canji, ku biya shi kuɗin aikinsa cikakke.